Inda Yake

Ajin dare ne, bayan lisha,
a wata lakkol ta unguwar Bagalam.
Mu tara ne: 'yan canji biyu, direban tirela,
wata mai kai atamfa Jibiya, da wasu samari,
sai ni, tela, shekara arba'in da uku,
na cusa gwiwoyina ƙarƙashin teburin yara.

Mushe Nomau ya rubuta a allo:
Where is he?
Ya ce, wannan tambaya ce ta bakin titi,
kai ba hula, murya a sama.
Aikatau ya riga mai aiki shigowa,
ga ƙugiya an rataye mata a wutsiya.

Ya sauko ƙasa da alli:
I do not know where he is.
Ya ce, ku duba da kyau.
In tambaya ta shiga gidan wata jimla, baƙuwa ce,
sai ta tuɓe takalmi tun daga zaure.
Mai aiki ya wuce gaba, aikatau ya bi bayansa,
a sauke ƙugiya, a ɗiga aya.

Direba ya ce, ai kayan nan ɗaya ne, Mushe,
lodi kawai aka sake.
Aka kwashe da dariya.

Ni lissafi nake.
Mu a Hausa ba ma tada kowa daga mazauninsa.
Kalmar muke yi wa ɗan ƙari:
ina ta koma inda,
yaya ta koma yadda,
kamar a saki kafin wando don yaro ya yi tsawo.
Su kuwa hannun riga suke juyawa ciki waje
kafin su haɗa shi da kafaɗa.
Wannan na gane shi. Sana'ata ce.

Tasi'u, ƙanena,
ya bi motar aya zuwa Fatakwal, damina uku ke nan.
Maganarsa ta ƙarshe: caji ya kusa ƙarewa.
Kullum da safe in na kai wa Inna koko
ba ta bi ta zaure, ba ta tuɓe komai:
Ina yake?
Na tambaya da Hausa a tashoshin Kano,
na tambaya da Faransanci a komisariya.
Yanzu wani ɗan kamasho ya ba ni adireshin asibiti,
can kuma Ingilishi kaɗai suke karantawa.

Dare huɗu ina yanka wasiƙar ina harhaɗawa.
Na miƙa ta bayan an tashi.
Jan bironsa ya tsaya a layi na biyar:
Please tell me where is he.
Ya ja kibiya mai kai biyu tsakanin kalmomin ƙarshe.
Ya ce, za su gane,
amma za su ji kamar da ƙafa ka buga ƙofa.

Na ce, Mushe, shekara uku ina sallama.

Bai amsa ba.
Kabu-kabu ya wuce a waje,
sannan aka ɗauke wuta.
A cikin duhun na ji ya rufe biro, ƙyas,
ya ce a hankali, duk da haka, sa shi a gaba.

A shago na sake kwafe ta, da fitilar salula,
takardar bisa kan keken ɗinki.
Where he is.
Na daɗe ina kallon ta.
Shi ne a gaba, ƙanena,
kalmar da ke biye da shi kuma, ƙarama,
haruffa biyu kacal,
Mushe ya ce ma'anarta yana nan.
A kanta jimlar ta tsaya. Na ɗiga aya.

Direban ya tafi da wasiƙar ranar Litinin.

Mako mai zuwa, in ji Mushe,
za mu shiga shuɗaɗɗen lokaci.
Na ce masa ina da ɗinkin suna,
riguna goma sha ɗaya,
ba lalle ne in samu zuwa ba.